'Yar Inuwa a Gindin Katanga

Ban saba ɗaga murya ba. Aikin rediyo da na tsufa a cikinsa ya koya mini in karanta labarin ambaliya da na bikin aure da murya ɗaya, in bar wa mai sauraro kukansa ko dariyarsa. Saboda haka abin da zan faɗa a nan a hankali zan faɗe shi, amma kada wani ya ɗauka sanyin zuciya ne. Raina a ɓace yake tun ranar da na je maƙabarta na tarar an shimfiɗa wa matattunmu ciyawar roba.

A bayan Darrasa, cikin tsofaffin maƙabartun Alƙahira, akwai wani siririn fili a gindin wata doguwar katanga. Misrawa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke ajiye mamatansu, dangi guda a ɗaki guda. Mu ba mu saba da haka ba. Bahaushe yana son a haƙa masa raminsa shi kaɗai, a kwantar da shi, a mai da ƙasa. Tun kafin zuwana, waɗanda suka riga mu suka roƙi wani dattijo Bamisre, ya ba su wannan filin don Allah, a bayan katangar maƙabartar gidansu. Rana ba ta taɓa wurin sai 'yan mintuna da hantsi, sannan inuwa ta sake rufe shi har magariba. Ba mu kafa dutse, ba mu rubuta suna. A gida ana ajiye fasasshen tulu ko a kafa reshe, daga nan a bar wa Allah. Amma a gida mutum yana da dangi da za su tuna inda yake kwance. A nan ba shi da kowa sai mu. Cikin waɗannan kaburbura akwai wani gajere, na 'yata ta fari.

Lokacin da na zo garin nan ina saurayi, karatu ya kawo ni. An sauke ni a wani tsohon gida a Darrasa, mai hawa uku da ɗan tsakar gida a tsakiya kamar rijiya. Har yau in na rufe ido ina jin sautin unguwar. Mai sayar da iskar gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, mata suna zuro kwando da igiya daga taga suna kiran mai burodi, tattabaru suna guɗa a kan rufi, ladanai kuma in sun tashi sai ka rasa na wa za ka amsa, wannan bai kai ƙarshe ba wancan ya fara. A ɗakin ƙasa wata tsohuwa take zaune, kowa Inna yake ce mata. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso aikin hajji a ƙasa, hanya ta riƙe su, aka haife ta a can, aure ya kawo ta Masar, mijin ya rasu ya bar ta. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda na rabu da ji tun a bakin kakata, tana gauraya ta da Larabci ba tare da ta lura ba. Tuwo take tuƙa mana da miyar kuɓewa busasshiya. Mu kuma muna ɗebo mata ruwa in famfo ya ɗauke, mu daka mata yaji, mu ɗauko mata kaya daga kasuwa. Ba wanda ya sa mu. Wanda ya ƙi yi ma ba ta ce masa komai, sai dai ya ga malmalarsa ta ƙanƙance.

A tsakar gidan nan, inda ba abin da ke tsira saboda rashin rana, wata ciyawa ta malale ƙasa kaf. Ganyenta kamar kan mashi, kore mai ratsin fari, bayansa shuɗi-shuɗi da ja. Tana yaɗo gaɓa-gaɓa, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa. Ni ɗan manomi ne. Ina ganinta na gane danginta: balasa ce, ko 'yar uwarta da ta sa kayan ado. Duk wanda ya riƙe hauya a ƙasarmu ya san balasa, ya kuma tsane ta. Babana ya koya mini cewa ba a nome ta a bar ta a kunya, don kafin ka juya ta sake kamawa. Tuge ta ake yi, a kwashe, a kai kan hanya inda rana za ta gasa ta. Bahaushe in ya ga kore ya kwanta a ƙasa ba hatsi ba, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Sati na biyu da zuwana, wata safiya Inna ta tafi kasuwa, na ce bari in yi wa tsohuwar nan abin kirki. Na tuɓe riga, na tsuguna, na tuge ciyawar nan tas, na cika buhu biyu, na hau da su kan rufi na baza a rana. Na sauko na share tsakar gidan har da yayyafa ruwa, na zauna ina jiran a sa mini albarka.

Ta shigo da kwando a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Inna. Na ga ciyawa ta cinye miki gida."

"Ɗan wa kake a garinku?"

"Ɗan manomi."

"Na gani. Kai kuma wa ya aike ka?"

Na ce ba kowa. Ta sauke kwandon, ta ce, "To, mai aikin da ba a sa shi ba, ina ka kai ta?" Na nuna sama. Ta ce, "Yalla, maza hau ka sauko mini da ita, ko ganye ɗaya kada ka bari. In ta mutu, kai ma ka mutu da tuwona." Sauran ɗalibai suna leƙowa ta tagogi suna dariya, wani ɗan Zinder yana cewa a ba Sarkin Noma hanya. Sunan nan ya bi ni shekaru. Na kwaso ta ta yi laushi, muka zauna ni da Inna muna karya ta gaɓa uku-uku muna turawa a ƙasa da yatsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kafin waɗanda muka dasa su miƙe, wasu sabbin tsirai sun riga sun ɓullo daga wuraren da na rantse na tuge har saiwa. Inna ta nuna mini su da ƙafa, ta ce, "Ka ce ka iya noma. 'Yar inuwa ba a gama da ita da rana ɗaya." Haka take kiranta, 'yar inuwa. Na ji masu sayar da furanni suna kiranta da wasu sunaye daga baya, ban riƙe ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a da safe ta ce in ɗauki jarkar ruwa in bi ta. Muka ratsa lunguna har gindin katangar nan. A nan na gane abin da na yi. Tsakar gidan nan wurin rainon iri ne. Kowane kabari an lulluɓe shi da 'yar inuwa, daidai tsawonsa, daidai faɗinsa, kamar an shimfiɗa masa darduma. Tsakanin kabari da kabari akwai siririyar hanya ta ƙasa tsura, faɗin tafin ƙafa. Ciyawar ba ta san iyaka ba, kullum so take ta tsallaka wa maƙwabci. Inna ce iyakar. Ta fito da wani tsohon almakashi daga ɗaurin zaninta, ta durƙusa, tana datse duk reshen da ya miƙo kan hanya, tana tone duk saiwar da ta kama a wurin. Tana yi tana magana, ba da ni ba. "Wannan Bazazzagi ne, tari ya kai shi, saura wata biyu ya gama karatu. Wannan matar tela ce, wurin haihuwa. Wannan bai faɗi garinsu ba har ya tafi, amma da Hausa ya yi salati da roƙo." Mai kula da maƙabartar, wanda Misrawa ke kira turabi, yana bin mu da tsintsiya. Na tambaye ta me ya sa ba ta dasa wani abu mai fure ba. Ta ce ta gwada, duk sun mutu. "Masu fure rana suke so. Wanda aka binne a bayan katangar wani, sai abin da ya iya zama a bayan katangar wani."

A lokacin ma akwai masu cewa wannan ba shi da asali a addini. Suna faɗa a ɗaki, cikin ladabi, su kawo hujja, wani ya kawo tasa, a sha shayi a tashi. Ba wanda ya taɓa tunanin ya je ya sa hannu a aikin tsohuwa. Kuma in mutuwa ta faɗo, ba a neman kowa. Mutum ɗaya zai bi gidaje yana ƙwanƙwasa ƙofa, kafin azahar duk Bahaushen da ke Darrasa ya ajiye littafi. Mu muke wanka, mu muke ɗinka likkafani, mu muke karɓar shebur daga hannun turabi mu yi haƙa. Yanzu sanarwa ake turawa a waya. Mutum ɗari su rubuta addu'a iri ɗaya, wadda suka kwafo daga ta wanda ya riga su, mutum bakwai su zo jana'iza, biyu daga cikinsu suna ɗaukar hoto.

Na gama karatu, na samu aiki, na je gida na yi aure na dawo da maiɗakina. Allah ya ba mu 'ya mace. Ba ta cika shekara biyu ba zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana uku. 'Yar fari ce, don haka ko tana raye uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ni ma haka. Yarinyar nan, muke cewa. Da ta rasu, kunyar nan ba ta sake mu ba. Maiɗakina ta zauna tana amsa gaisuwa ido a bushe, kamar yadda aka koya mata, mata Misrawa maƙwabta suna kallonta suna mamakin wace irin uwa ce wannan. Inna ce kaɗai ta gane. Bayan kwana bakwai ta shigo da reshen 'yar inuwa a hannu, ta ce mata, "Tashi, 'yata, ki raka ni, gwiwata ba ta lanƙwasuwa yau." Ƙarya take yi, gwiwarta lafiya lau. Ta kai ta gindin katanga, ta sa ta dasa da hannunta. Daga ranar maiɗakina ba ta fasa zuwa ba. Ba ta kuka a wurin, ba ta cewa komai. Datsa kawai take yi, ta daidaita gefen nan huɗu na ɗan gajeren kabarin har su fi na kowa kyau. Abin da bakinta bai iya faɗa ba, almakashi ya faɗa mata shekara da shekaru. Da Inna ta rasu muka kwantar da ita a ƙarshen layi, almakashin ya dawo hannun maiɗakina, tare da labarin kowane kabari da ta iya riƙewa.

Tsufa ya zo, tsadar haya ta kore mu daga Darrasa zuwa unguwar Faisal. Tafiyar ta zama mota biyu da cunkoso, amma muna zuwa. Sai bara da sanyi maiɗakina ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Wata huɗu ina jinyarta, ban leƙa maƙabarta ba. A cikin watannin nan ne wani mai hali ya zo daga gida ziyara, shugabannin ƙungiyar ɗalibanmu suka zaga da shi, ya ga wurin ya ce ya yi kama da jeji, bai dace da mutuncin ƙasarmu ba, a gyara. Aka gyara. Suka zo da fartanya suka sheme ciyawar, suka baje tudun kaburburan, suka zuba yashi, suka shimfiɗa koren kafet na roba daga wannan kusurwa zuwa waccan. Suka tsaya a kai suka yi hoto. A hoton na fara gani, wani ya turo mini yana cewa in sa musu albarka.

Na je na tsaya a wurin. Fili ɗaya sumul, kamar inda yara ke buga ƙwallo. Na san kabarin yarinyar yana wajen tsakiya, kusa da katanga, amma wajen tsakiya ba wuri ba ne. Shekara arba'in ban taɓa ƙirga taku ba, don ban taɓa buƙata ba. Na taka nan, na ji tsoron ko a kanta nake, na matsa, na sake jin tsoron.

Na samu shugaban ƙungiyar a wani wurin shan shayi a unguwar Dokki. Saurayi ne mai tsabta, yana karatun digiri na biyu a fannin shari'a. Ya tashi ya ba ni kujera.

"Baba, ai mun neme ku a waya ba ku ɗauka ba."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya, ina jin. Ko biyu."

"Ka san inda nake zaune?"

"An ce Faisal."

"Motar Faisal ta daina tafiya ne?"

Ya yi murmushi. "Ma'alish, a yi haƙuri, Baba. Amma in an bi ta ilimi, daidaita kaburbura shi ne sunna. Shuka a kan kabari kuwa, malamai sun yi magana a kai. Mu ciyawa muka tarar, wallahi har maciji zai iya ɓuya."

"To, Ustaz. Ita robar a wane babi ka same ta?"

Na ce, "Ka taɓa riƙe fartanya kafin ranar?" Ya ce shi a birni ya tashi. Na ce, "Na ga alama. Mutum nawa ne a ƙarƙashin kafet ɗinku?" Bai sani ba. "Faɗa mini sunan ɗaya." Ya duba wayarsa kamar sunan zai fito a ciki. Sannan ya faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Ya ce, "Baba, khalas, shi ke nan, ai duk sun zama ƙasa. Addu'a tana isa gare su ko daga ina aka yi." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Na san addu'a tana isa. Na san ta tun kafin a haifi babansa. Amma ba matattu ne suke buƙatar gefen nan huɗu ba. Akwai wata tsohuwa a Faisal da take koyon tafiya da sanda, kuma abin da ya sa take jure ciwon koyon shi ne tana son ta koma ta durƙusa a wuri ɗaya tak a duniyar nan. Ban faɗa masa haka ba. Ba a faɗa wa yaro irin wannan. Na biya kuɗin shayina na fita.

Ni ma a shekarunsa na tuge ciyawar nan, ban manta ba. Bambancin shi ne ni a gida ɗaya nake da tsohuwar da za ta dawo daga kasuwa ta ce wa ya aike ka, kuma da ta faɗa na hau rufi na kwaso. Su ba wanda suke tsoron ya dawo daga kasuwa. Kuma in zan yi adalci, laifin bai ƙare a kansu ba. Shekara nawa muna zuwa mu biyu, ban taɓa cewa wani ɗalibi ya ɗauki jarka ya bi mu ba. Na ɗauka wurin yana bayyana kansa. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni hucewa.

Ban gaya wa maiɗakina ba. Kullum Alhamis sai ta ce, "Malam, gobe fa?" In ce likita bai yarda ba tukuna. Ranar da likitan ya yarda a gabanta, ta dube ni ta ce, "To, saura wane likitan?" Na ce ta ba ni sati ɗaya.

Na koma ni kaɗai, ban san abin da zan yi ba. Na tarar da turabin, ɗan wancan na da, shi ma ya yi furfura, yana fesa wa kafet ɗin ruwa da tiyo. Ya ce samarin sun ce ya riƙa wanke ƙura kowane kwana biyu don kada korensa ya dushe in baƙi sun zo. Ya ce, "Ya hajj, ban ji daɗin aikin nan ba, amma wa zai tambaye ni?" Ina tsaye ina kallon ruwan yana nutsewa ta 'yan ƙofofin robar, sai na lura kafet ɗin ba sumul yake ba kamar da. Ya ɗan kumbura wuri-wuri. Na tuna ƙafar Inna tana nuna mini ƙasa a tsakar gida. Na tuna kuma cewa yaran birni ne suka yi aikin, da fartanya, sama-sama. Ba wanda ya koya musu yadda ake kashe balasa.

Na ce wa turabin ya kama mini gefe ɗaya. Muka naɗe kafet ɗin kamar tabarma. A ƙarƙashinsa, a cikin duhun da ko ɗigon rana babu, 'yar inuwa ta fito. Fara fat, siririya, a lanƙwashe kamar tsiron wake a cikin tulu, amma ta huda yashin ta fito. Kuma ba ko'ina ta fito ba. Inda aka yi shekaru ana tone saiwa ba a bar ko gaɓa ɗaya ba, wato 'yan hanyoyin nan na tsakani, ba abin da ya tsira. Sai ga kaburburan a jere, kowanne da tsawonsa, an zana su da farin tsiro a kan yashi. Dogo, dogo, dogo. Na bi layin da ido har wajen tsakiya. Gajere. Gefensa huɗu sun fi na kowa fita.

Turabin ya tambaye ni ko mu mai da kafet ɗin. Na ce ya jingine shi a bakin hanya, masu shi su zo su ɗauki abinsu. Shugaban ya kira ni da yamma yana cewa ya kamata a ce na tuntuɓi kwamiti. Na ce na neme shi a waya sau ɗaya, ina jin, ko biyu.

Ranar Juma'a na kawo maiɗakina. Tsiron ya fara kore, amma ba ya ɓoye abin da aka yi wa wurin. Ta tsaya a kan sandarta ta dubi yashin, ta dubi kafet ɗin da ke naɗe a gefe, ta dube ni. Ta taka a hankali ta 'yar hanyar tsakani, ba ta yi kuskuren taku ɗaya ba, har ta isa. Durƙuso ya gagare ta, na kawo mata kujerar turabi. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da almakashin Inna, ta miƙo mini.

"Malam, hannuna ba ya kaiwa. Ga wani can ya fara tsallakawa wajen matar tela."

Na durƙusa na datse shi.